Kira Ɗaya a Gadar Kogin Gunaguni

Wannan labari na zamanin da ake cin ƙasa da ƙafa ne, lokacin da mutum zai bar gida bai san ko zai sake ganin ƙofarsa ba. Can bayan ƙasashen da fatake suka saba da su akwai wani kogi da ake kira Gunaguni, a kansa kuwa akwai wata tsohuwar gada ta dutse zalla, wadda ba mai iya gaya maka wanda ya gina ta. Babu azara a jikinta, babu laka, babu makuba. Duwatsu ne kawai aka jera suka riƙe juna, baka bayan baka, irin bakan gizon da magina ke ɗaurawa a soro, tun daga wannan gaɓa har waccan. In mutum biyu suka tsaya suka ƙirga bakunan, kowa da adadin da zai samu. Fatake sukan ratse su je kallo, su yi salati, su koma kan hanyarsu. Hawa kam ana hawa, amma ba a ƙetarewa, wannan ko yaro ya sani.

A wani gari da ake kira Tudun Ɗorawa akwai wani magini mai suna Haladu. Irin mutanen nan ne da in suka shigo ɗakinka, kafin su gaishe ka sun gama duba rufinka. Uwarsa Marka sana'arta daddawa, shi ne ɗanta na fari, shi kaɗai ne kuma ya tsaya mata, sauran duk sun koma tun suna goye, uban ma ya daɗe da rasuwa.

To, kun san al'adarmu game da ɗan fari, amma ta Marka ta wuce ta kowa. Tun ranar da aka yanka ragon suna, sunan nan bai taɓa ratsa haƙoranta ba. In ta gama tuwo sai ta ajiye akushi a ƙofar ɗakinsa, ta dubi kaji ta ce ga abinci nan ga mai so. In aka yabi gininsa a gabanta sai ta tashi ta tafi duba tukunya. Magana guda ce cikakkiya ta saba yi masa. Tun yana ƙarami, in ya shagala da ƙwaɓa laka a bakin kududdufi har rana ta yi sanyi, sai ta je ta tsaya daga nesa, ta ba shi rabin baya, ta daka tsawa.

"Kai! Sai an zo an ɗauke ka?"

Nan take zai karkaɗe hannu ya biyo ta. Har ya yi gemu, yana kan katangar mutane yana jera tubali, in ya ji wannan tsawa sai ya sauko. Matan gari suna yabonta, suna cewa a zo a ga kunya wurin Marka. Ni dai ban ce sun yi kuskure ba, haka muka tarar da iyayenmu.

Wani bafatake mai jakuna, Barau, abokin Haladu, shi ya kawo masa labarin gadar. Tun daga ranar Haladu ya rasa sukuni. Yaya za a ce baka ya tsaya babu azara? Da kaka ta yi ya bi ayarin su Barau, ya ce zai je ya gani da idonsa ya dawo. Da ya zo yi wa uwar sallama tana kirɓin daddawa, ba ta ɗago ba, ta ce wa turmi Allah ya kiyaye hanya.

Ayari ya dawo gab da faɗuwar ruwa, Barau ya shigo gidan Marka shi kaɗai, da hular Haladu a hannu. Ya durƙusa ya ce sun isa gadar lafiya, sun hau. Haladu ya dinga shafa duwatsu, yana kwanciya rub da ciki yana leƙen mahaɗarsu, har ya ce asirin ginin ba zai ganu ba sai daga ƙarƙashin bakan ƙarshe, can ƙetare. Barau ya riƙe masa riga, Haladu ya fizge, hular ce kawai ta faɗo. Ƙafarsa na taɓa waccan gaɓa sai ga waɗansu dogayen halittu masu launin toka, suka ɗora masa gammo, suka aza masa dutse, ya shiga layin waɗansu mutane masu ɗaukar duwatsu. Barau ya ce ya yi ta kira har muryarsa ta dushe, Haladu bai ko waiwayo ba.

Marka ta ce Allah ya kyauta, ta tambayi Barau ko an ba shi ruwa. Matan da suka taru suka jinjina kai, suka ce ga haƙuri. Ba su san zuciyarta ta riga ta mutu ba. A makon nan sau da yawa tukunyar kalwa na ƙonewa tana zaune a gabanta, ita da ba a taɓa jin ƙauri a gidanta ba. Ran nan ta tare Barau a hanya ta tambaye shi, wai ko wajen kogin nan da suka je ana samun kalwa mai kyau. Barau ya gane. Ya sunkuyar da kai ya ce hanyar fatake ta rufu sai wata kakar, amma akwai yanke ta cikin ƙasar mutanen ɓoye, wadda mai hankali ba ya bi. Washegari da asuba ta ƙulle daddawa a tsumma, ta ce wa maƙwabta za ta ƙauye sayen kalwa.

Ta wuce garuruwan da ake jin Hausa, ta wuce waɗanda ake jin ta da ƙyar, ta shiga inda sai da hannu ake magana. Takalmanta suka tsinke, faso ya tsattsage dugaduganta. Daga nan ta faɗa wani daji inda inuwar itatuwa ke fuskantar rana, tsuntsaye kuma suna tashi da baya. Ta ratsa shi tana ta addu'a, ta ɓullo wani fili fetal. A tsakiyar filin ga wata ƙofa tsaye ita kaɗai, babu ganuwa dama, babu hagu. Marka ta ce a ranta wannan ai aikin banza ne, ta kewaye ta. Tana kewayewa sai ta ga ƙofar a gabanta kuma. Ta sake, haka dai. Sai ga mai tsaron ƙofar ya fito, jikinsa na mutum, kansa na burtu, da mashi a hannu.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam mai warin kalwa, wa kike nema a ƙasar da ba taku ba?"

Ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, wani yaro ne na unguwarmu."

"Yaran unguwa suna da iyaye. Koma ki turo su."

Ya buga gindin mashi a ƙasa, sai Marka ta ga kanta can a farkon dajin da ta ratso. Ta sake ratsa shi, ƙaya na yagar zanenta, ta iso ƙofar. Wannan karon ta ce ɗan marigayi maigidanta ne. Mai kan burtu ya ce to matar da ta haifa masa shi ta zo da kanta, ya sake buga mashi. Kafin ta kuma isowa guzurinta ya ƙare, sai 'ya'yan itace take tsinta, ba abin da ya rage mata sai ƙullin daddawa. Ta tsaya gaban ƙofar, ta duba dama ta duba hagu, kamar a dajin aljanu ma akwai wata maƙwabciya da za ta ji ta kai gari. Ta ce can ƙasan maƙoshi ita ta haife shi.

"Ban ji ba, 'yar Adam."

"Ɗana ne."

Ƙofa ta buɗe. Marka ta wuce kanta a ƙasa, ji take kamar zanenta ya faɗi a tsakiyar kasuwa. Amma da ta ɗan yi nisa sai ta ji ƙirjinta ya yi sauƙi, ta ma sake faɗin kalmar ita kaɗai don ta ji yadda take a baki.

Bayan ƙofar ƙasar farin rairayi ce, ba ciyawa, ba inuwa, ba ɗigon ruwa. Ta yi ta tafiya har harshenta ya kumbura, idonta ya fara ganin abin da babu. Tana rarrafe ta iso bakin wata rijiya. Wata aljana na zaune a kan gungumen bakin rijiyar, tsohuwa tukuf, gashin kanta ya yi tsawon da shi ne igiyar gugarta. Marka ta yi gaisuwa da hannu, ta nuna baki. Aljanar ta zura guga ta jawo, sai rairayi.

Ta ce, "Rijiyata ba ta ba da ruwa sai ga wanda ya fara ba ta nasa."

Marka ta ce, "Iya, ko yawu ba ni da shi."

"Na idonki fa? Kin zo neman ɗa tun daga wata duniya, amma na ga idonki a bushe."

Marka ta ce a garinsu ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Aljanar ta ce ita ba mutum ba ce, kuma ba sauri take yi ba, in Marka ta mutu a nan ba ita ce ta farko ba. Sai dai kafin ta mutu ta ba ta labarin yaron, don ta rage mata zaman kaɗaici. Marka ta fara da ƙyar. Ta ce akwai shekarar da baƙon dauro ya kama shi, kakarsa ta rungume shi a ɗaki, ita kuwa ta tsaya bayan katanga tana sauraron numfashinsa, ba ta shiga ba. Ta ce ɗakin da ya fara ginawa da hannunsa ita ya gina wa, ya shafe shi da makuba, ya yi masa zane a goshin ƙofa, ya tsaya yana jiran ta ce wani abu. Abin da ta ce kawai shi ne zai yi yoyo. Ɗakin kuwa har ta baro gida bai taɓa ɗiga ba. Tana kaiwa nan sai kuka ya ƙwace mata, irin kukan da ya daɗe a tare, hawaye na gangarowa cikin rijiya. Can sai aka ji ruwa na tasowa daga ƙasa har ya kawo baki.

Aljanar ta ɗebo ta ba ta, ta ce, "Da shi kika faɗa wa wannan, da ya fi."

Marka ta sha ta ƙoshi. A bakin rijiyar nan ta yi alkawari tsakaninta da Allah, duk ranar da ta yi ido biyu da yaron nan sai ta kama sunansa da bakinta, kowa ya ji. Kun ga dai darasi guda hanya ke koya mata, ita kuwa tana karɓa da hannu biyu. Wa zai ga laifinta?

Daga nan ta ratsa wani tsauni mai numfashi, wanda sai ya ja iska ake samun hanyar wucewa ta tsagarsa. Ta ratsa wata kasuwa da ake ciniki babu masu saye babu masu sayarwa, sai kaya kawai ke tashi suna sauka. Ta haye wata fadama a bayan wani kunkuru da ya yi girman rumbu. Wata rana da hantsi ta hau wani tudu, sai ga kogi shimfiɗe a gabanta, ga gada.

Ko ita da ba ruwanta da gini sai da ta riƙe baki. Duwatsun sun yi baƙi don tsufa, gansakuka ta lulluɓe gindin ginshiƙai, tsattsewa sun yi sheƙa a ƙarƙashin bakuna. Kowane dutse ya fi turminta girma, amma mahaɗarsu ko allura ba ta shiga. Ruwan kuwa ba ƙarar ruwa yake yi ba, gunaguni yake kamar an tara mutane a zaure suna magana ƙasa-ƙasa. Can ƙetare ana hango layin masu ɗaukar dutse, suna tafe kamar tururuwa. A wannan gaɓar kuma ga 'yan bukkoki, ga mutane zazzaune, duk sun zuba wa ƙetare ido, ba mai magana da wani.

Wani tsoho a cikinsu mai suna Cindo ya amsa sallamarta, ya matsa mata ta zauna. Ya ce kogin nan kullum sai ya ci dutse daga jikin gada, shi ya sa masu gadar ke kama duk wanda ya ƙetare, ya zama ɗan aikin gyara. Ba mai iya fanso shi sai wanda suka haɗa jini, ya hau ya kira shi. Shi ma ya zo kiran ƙaninsa ne tun gemunsa na baƙi, bai yi nasara ba, ya kuma kasa komawa gida. Ya ce wahalar ita ce 'yan ruwan kogin nan suna kwaikwayon muryar dangi, suna kiran 'yan aiki dare da rana, duk wanda ya amsa ya juyo sai ƙafarsa ta zame ya faɗa, ba a ƙara ganinsa. Don haka 'yan aiki sun koyi toshe kunne, ba sa duban wajen gida. Marka ta ce to ta yaya nata zai gane ita ce.

Cindo ya ce, "Baiwar Allah, da na sani ai da ba ki same ni a nan ba."

Ya nuna mata ginshiƙin farko. Ta matsa, sai ta ga ashe fuska ce a jikin dutsen, ta wani tsoho da rabin jikinsa ke cikin gini, gemunsa duk gansakuka. Shi ne Uban Gada. Ya buɗe ido a hankali, ƙura na zuba daga girarsa.

Marka ta durƙusa, ba ta jira an tambaye ta ba, ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗana na zo nema. Ɗan farina ne, ni na haife shi."

Ya ce, "Madalla da mai faɗin gaskiya. Saurara ki ji dokar gada, ya ke 'yar Adam. A tsakiyarta akwai farin dutse, a kansa za ki tsaya, ba ki wuce shi. Kira ɗaya gare ki duk tsawon ranki. In ya amsa ya juyo, naki ne, ku tafi ba mai taɓa ku. In bai amsa ba, muryarki ta haramta ga kunnensa, surarki ta haramta ga idonsa, har ƙasa ta rufe ɗayanku. Kin yarda?"

Ta ce ta yarda. Uban Gada ya ja iska da hanci, ya tambayi mene ne a ƙullin nan nata. Ta ce daddawa ce. Ya ce rabonsa da jin ƙanshin miyar 'yan Adam tun ana aza harsashin wurin nan. Marka ta kwance tsumma ta zuba masa duka a wani kogo da ke jikin ginshiƙin. Ya lumshe ido yana shaƙar ƙanshin.

Sannan ya ce, "Kin yi mini kyauta, ga tukuici. Ki kira shi yadda zai amsa. Ba ni da ikon ƙara ko harafi a kan wannan."

Marka ta yi godiya, ta ce a ranta ai mutum da sunansa yake amsawa, wannan kuma ta riga ta shirya masa tun a bakin rijiya.

Ta hau. Ƙarƙashin ƙafarta ga kwarin da kofaton dabbobin mutanen da ya sassaƙa a dutse, ga waɗansu alamomi da magina suka zana, ba mai iya karanta su yanzu. Iska ta taso tana neman yaye ta, ta riƙa bin gefe tana dafa dutse. Tana wuce bakan farko sai ta ji muryar marigayi mijinta daga cikin ruwa, yana cewa ta miƙo masa buta. Ta wuce. Gaba kaɗan ta ji uwarta na kiranta da sunan yarinta. Ta wuce. Can kuma sai kukan jarirai, ta gane muryar kowane ɗaya cikin waɗanda ta binne, nan kam ta durƙusa ta toshe kunne, ta ƙarasa da rarrafe. A haka ta isa farin dutse, wanda ƙafafun masu kira suka lotsa har ya yi gurbi, ta miƙe ta tsaya a kai.

Gab da farin dutsen, ta wajen ƙetare, nan kogi ya ci dutsen ranar. Ba ta daɗe ba sai ga layin 'yan aiki sun iso, kowa kansa a sunkuye, suna zuwa suna juya wa gida baya. Sai ga shi. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, gashi ya cika kansa, ƙura ta mai da gemunsa fari. Ya sauke dutsensa, ya durƙusa ya daidaita shi a gurbi, ya shafa mahaɗar da tafin hannu, yadda yake shafa katanga a gida. Da za ta miƙa muciya da ta taɓa bayansa.

Abin da ya fara zuwa bakinta tsohuwar tsawar nan ce, har ta ɗaga haɓa ta fara ba shi rabin baya. Sai ta haɗiye. Haba, duk wannan tafiya, ta ga ɗanta a wannan hali, kuma ta daka masa tsawa? Ta tuna ƙofa, ta tuna rijiya, ta tuna alkawarinta. Ta juyo ta fuskance shi sosai, ta cika ƙirji, ta saki abin da ta riƙe tun ranar suna.

"Haladu, ɗana, ɗan farina, taso mu tafi gida."

Hannunsa ya tsaya cak a kan dutse. Wuyansa ya fara karkatowa, har ta ga gefen kuncinsa. Sai ya runtse ido, ya mai da kai gaba, ya yi wata 'yar dariya mai ciwo.

Ya ce, "Yau kam kun ƙware, 'yan ruwa, har warin daddawa kun samo. Amma ba ku san Innata ba. Mace ce mai kunya, ko wuƙa aka ɗora mata a wuya ba za ta kama sunana ba."

Ya ɗauki gammonsa ya karkaɗe, ya dubi wanda ke kusa da shi a layi ya ce, "Za ta zo, na sani. Ran da ta zo ba sai an gaya mini ba. Daga nesa za ta tsaya ta daka mini tsawa, ta ce sai an zo an ɗauke ni? Ran nan zan yar da gammon nan."

Ya ɗora gammo ya bi layi. Marka ta buɗe baki ta daka tsawar, ta sake dakawa, ta yi ta yi har jini ya fito a maƙoshinta. Tana jin muryarta, tsattsewa ma sun ji sun watse, shi kaɗai ne bai ji ba. Ta ɗaga ƙafa za ta bi shi, farin dutse ya karkata, sai ta ga kanta yashe a gindin ginshiƙin farko.

Ta rarrafa ta kama gemun Uban Gada tana roƙo. Ta ce a ƙara mata kira ɗaya, a ɗauki idonta, a ɗauki sauran kwananta. Ta ce to a bar ta ta ƙetare ta ɗauki dutse a gefensa, ko bai gan ta ba. Ya ce wanda ya ɓatar da kiransa ƙafarsa ba ta wuce farin dutse. Ya tambaye ta ko akwai wani mai jininsa da ya rage, uba, ko wa, ko ƙani. Ta ce babu, duk suna ƙasa.

Uban Gada ya ce, "To, ji abin da ba a ba ni ikon faɗa ba ɗazu. 'Yan ruwa ba su san bakin mutum ba, zuciyarsa suke leƙawa. Tun ranar da ɗanki ya ƙetare suke kiransa da muryarki, da waɗannan kalmomi da kika faɗa, ba ragi ba ƙari, don su suka tarar a cikin ranki. Waɗanda ya tarar a layi da yawa sun amsa sun nutse. Shi bai taɓa amsawa ba, saboda ya san uwarsa. Kunyarki ce ta raya shi har yau, ya ke 'yar Adam. Na yi miki nuni iyakar ikona."

Ya rufe ido ya koma dutse. Marka ta zauna a wurin har rana ta karkata, ba ta yi kuka ba, kukan ma ya ƙare. Cindo ne ya zo ya kama hannunta ya kai ta cikin masu zama.

Ba ta koma Tudun Ɗorawa ba. Me za ta je ta yi a ɗakin nan mai zane a goshin ƙofa? Ta kafa 'yar bukka a bakin gaɓa da hannunta, in ana ruwa kamar a waje take kwana don yoyo. Akwai itatuwan ɗorawa a gefen tudu, sai ta ci gaba da sana'arta, ba don mai saye ba. Doka ta hana murya, ta hana sura, amma ba ta hana wari ba. In iska ta juya ta nufi ƙetare, sai ta baza daddawa a kan faifai ta tsaya tana kallo. Wani lokaci takan hango mutum ɗaya a layi ya tsaya ya ɗaga kai, ya daɗe haka, sannan ya girgiza kai ya wuce. Wannan ne kaɗai abin da ya rage mata a duniya, ba ya kuma ƙara mata komai sai ciwo.

Fataken da suka riƙa ratsewa kallon gadar bayan nan sun ce in rana ta yi sanyi sukan ga wata tsohuwa ta fito bakin ruwa, ta ba kogi rabin baya, ta daka tsawa ta ce, "Kai! Sai an zo an ɗauke ka?" Da yawansu sun zaci da su take, sai su ji kunya su kama jakunansu su yi gaba. Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan, na kuma sauke muku shi yadda na ɗauko.

Shi kuwa Haladu yana can ƙetare da gammonsa. In aka kamo sabon ɗan aiki yana kuka, shi ne mai lallashinsa, ya ce ya yi haƙuri ya toshe kunne, kowa da ranarsa, shi ma tasa uwar tana hanya.